Sai Rediyo Ya Yi Magana

Yayana mai gyaran rediyo ne, kuma ban taɓa ganin mai kafiya irinsa ba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai aski da mai faci, matattun rediyoyi jibge har rufi, ga ƙaurin dalma da ba ya barin rigarsa. Doka ɗaya gare shi: rediyo ba ya fita daga shagon sai ya yi magana a gaban mai shi.

Da wayar hannu ta kashe kasuwa, masu koyon aiki a wurinsa suka watse. Abin ya ci masa rai, don ba ya son sana'ar ta mutu a hannunsa. Sai ya jingina wayarsa da gwangwanin kusoshi, ya fara ɗaukar bidiyon gyara yana ɗorawa a intanet. Na yi dariya har da riƙe ciki. Wa zai zauna kallon yatsun Yaya? Ashe akwai. Mutane daga garuruwan da bai taɓa jin sunansu ba suka riƙa turo tambayoyi, suna kiransa Malam.

Kowane bidiyo da dokarsa yake ƙarewa. Ya sa batir, ya ja eriya, ya murɗa, abin da tasha ke yi a lokacin ya fito. Sau da yawa waƙa ce. Nan na'urar kamfanin da ke da dandalin bidiyon ta kama shi, aka turo masa gargaɗi, wai ya ɗauki waƙar da ba tasa ba. Ya kai ƙorafi cewa gyara yake koyarwa, waƙar ko minti ɗaya ba ta kai ba. Aka ƙi. Gargaɗi na biyu ya biyo baya, da sanarwar cewa na uku rufe shafi ne.

Ga inda ya kwafsa: duk bidiyon da ya ɗora sai ya goge daga wayarsa don samun wuri, a zatonsa intanet ma'ajiya ce. Idan aka rufe, aikin shekaru ya tafi.

Na ce, “Yaya, ka kashe sautin ƙarshen mana. Mene ne abin wahala?”

Ya ce, “Ke, Auta, in na nuna rediyo shiru, da me zan bambanta da maƙaryaci? Ban je gidan mawaƙi na ɗauko ba. A iska na tarar da ita, kamar kowa.”

Ana cikin haka wata tsohuwa ta kawo rediyon marigayi mijinta a naɗe cikin ɗankwali. Tun rasuwarsa rediyon bai yi ko tari ba. Yaya ya wuni a kansa, waya na ɗauka. Da yamma ya ce, “Iya, ke za ki murɗa.” Ta murɗa, sai ga tsohuwar waƙa ta cika shagon. Iya ta dafe benci ta zauna, tana bin waƙar da murya mai rawa, hawaye na zuba. Mai aski ma ya leƙo da almakashi a hannu.

Bayan ta tafi na ce, “Wannan kam ba za ka ɗora ba.”

“Ta yarda in ɗora.”

“Ba ita nake ji ba. Za su rufe ka!”

“To su rufe. In yanke muryar Iya saboda tsoron na'ura? Wallahi ba zan yi ba.”

Ya sake rubuta musu bayani, ya ɗora. Kafin mako ya zagayo shafin ya ɓace, da bidiyoyin, da tambayoyin mutanensa, duka. Na yi kuka, kuma haushinsa na ji fiye da na kamfanin, don da idonsa biyu ya shiga.

Washegari na je shagon da niyyar yi masa tas. Na tarar ya share tebur, ya jera sukuddireba da ƙarfen dalma, idanunsa jawur. Ko gaisuwata bai tsaya amsawa ba ya miƙo mini wayar.

“Riƙe nan, Auta, kar hannunki ya yi rawa. Na buɗe sabo.”

Ya gyara zama, ya kalli wayar, ya ce, “Salamu alaikum. Darasi na ɗaya.”