Shafin da Babu Hoto

Ɗan fari ba a kiran sunansa. Haka na taso na tarar, haka na yi. Nawa "kai" nake ce masa, in kuwa da mutane a wurin sai in ce "yaron nan", kamar ɗan maƙwabta ne ya shigo ɗiban wuta. Shi kuma Yaya yake ce min, don haka ya ji ƙannena suna faɗa in sun zo ganina. Ban taɓa gyara masa ba.

A garinmu, can gaba da Zariya, da an yaye ɗan fari kakarsa ke ɗauke shi. Nawa bai tafi ba, don aiki ya kawo ubansa Kaduna tun yana goye, ga shi kuma da yawan ciwo. Ƙyanda ta kusa tafiya da shi. Bayansa na haifi biyu, duk sun koma. Shi kaɗai ke yawo a tsakar gida.

Lokacin Turawa suna nan. Maigidana akawu ne a ofishin gwamnati, kullum da safe sai ya cusa ƙafar wando cikin safa ya hau keke. Muna haya a Unguwar Sarki, ɗaki biyu, tsakar gida ɗaya da matar wani malamin allo, Basakkwaciya ce mai baki kamar reza. Ni da ita duk ba ma fita.

Da aka buɗe ɗaukar yara a makarantar boko, ubansa ya kai shi. A wancan zamani ba a tambayar shekaru. Yaro ya ɗora hannu bisa ka ya kamo kunnen ɗaya gefen, in ya kamo ya shiga. Nawa bai kamo ba, saura faɗin yatsa biyu. Aka ce sai baɗi. Ubansa ya dawo rai a ɓace, ni kuwa ranar har da man shanu na zuba a miya.

Murnar ba ta daɗe ba. Damina na ƙarewa wasiƙa ta zo daga gida. Uwar mijina, Inna muke ce mata, ta sa an rubuto cewa tunda makaranta ta ƙi shi, da an gama girbi za ta zo ta ɗauki mijinta. Haka take kiran jikan nata. Maigida ya karanta a fili, ya ninke takardar, ya yi magana yana kallon bango, don shi ma ba ya iya kallona a kan zancen yaron.

"Da a ce ya yi nisa a karatu, sai in ce mata karatu ba a katse shi. Amma haka kawai ba ni da bakin hana ta."

Na ce, "Ai nata ne." Abin da ake faɗa ke nan. Tuwon ranar ya kama.

Washegari ya dawo da wani ɗan littafi na masu fara karatu, kowane shafi da hoto a sama, rubutu a ƙasa. Kullum bayan la'asar sai su zauna a bakin ƙofa. Sun yi shafi huɗu ke nan aka ce maigida zai bi Baturensu rangadi, kwana arba'in. Na lissafa da yatsu. Dawowarsa da zuwan Inna kusan rana ɗaya ne.

Ni ko alif ɗin boko ban sani ba. Amma ina da kai. Tatsuniya sau biyu nake ji in riƙe ta har da waƙarta. Saura kwana uku ya tafi na ce masa, ina kallon tukunya, "Da ka karanta masa har ƙarshe, ya ji inda abin ya dosa." Ya karanta. Na ce yaro bai ji da kyau ba, ya sake washegari, ya kuma sakewa a rana ta uku. Duk kwana ukun nan ina gefe da rariya. Gari ɗaya na yi ta tankaɗewa har ya gaji da ni. Idona na kan hoto, kunnena na kan bakinsa. Hoton akuya, ga maganarsa. Hoton rijiya, ga maganarsa. Haka na ɗaure kowace magana a jikin hotonta.

Shafi ɗaya ne ya gagare ni, na kusa da ƙarshe. Babu hoto, baƙi ne tun daga sama har ƙasa. Na ji shi sau uku, amma babu inda zan rataye shi, sai ya zube.

Ranar da keken ubansa ya bar gida na shimfiɗa tabarma a bayan ɗaki inda ba a hango mu daga zaure. Na ce, "Kai, kawo littafin." Ya tsaya yana kallona. Tunda ya yi wayo ban taɓa zama da shi haka ba. In zan ba shi abinci ajiyewa nake in juya. Na fara da ba shi gefena, ina magana da katanga. Abin bai yiwu ba, don ba na ganin inda yake kallo. Kafin mako ya fita mun koma gwiwa da gwiwa. Ranar na fara sanin cewa in yana tunani cizon leɓen ƙasa yake, irin na babana.

A haka Basakkwaciya ta kama mu, ta zagayo shanya.

"Ke ɗiyar Zazzau, mi nika gani haka? Da ɗan fari?"

"Rufa min asiri."

"Asirin mi? A garinmu da yanzu an yi maki waƙa." Ta leƙa littafin. "Kin iya wanga abu?"

"Ban iya ba."

"To makaho na jan makaho ke nan. Allah shi kiyaye rijiya."

Na nuna mata shafin da babu hoto, na ce ko Malam zai duba mana. Ta kai masa, ta dawo da shi. Wai Malam ya ce nasa karatun daga dama yake farawa, wannan kuwa daga hagu, ba hanyarsu ɗaya ba. Amma ta kawo min tsinke, ta ce da shi ake nuna wa yara baƙi, ba da yatsa mai maiƙo ba.

Tsinken nan shi ya hana ni sukuni. Yaro ya riƙe maganar tsaf, yana faɗa yana jan tsinke. Sai maganar ta ƙare, tsinke yana tsakiyar layi. Wani lokaci layi ya ƙare, magana da saura. Ko jaki ya ga wannan ya san ba karatu ba ne. Ubansa kuwa ba jaki ba ne. Ina wanke-wanke ina tunani, ina ɗaura ɗankwali ina tunani. Sau biyu na zuba gishiri a miya ɗaya.

Wata safiya na zura wa shafin akuya ido har ya fara yi min rawa. Sai na lura baƙin ba a haɗe yake ba. Tsibi-tsibi ne da fili a tsakani, kamar gyaɗa a faifan mai talla. Na ƙirga, biyar. Na faɗi maganar a hankali ina lanƙwasa yatsu: ga, akuya, tana, cin, dusa. Biyar. Na sake a shafin rijiya, ya fita daidai. Na waiga kamar na tsinci abin da ba nawa ba.

Daga nan muka sake lale. Tsinke ya sauka a tsibi, baki ya faɗi kalma ɗaya, ba ƙari. Ya sha rankwashi, ba zan ɓoye ba. Yaro ne mai son wasa, ƙadangare ya gifta hankalinsa ya tafi. Wata rana na finciki kunnensa har ya yi kuka, ya ce shi gara Inna ta zo ta tafi da shi, can akwai jaki. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, na daɗe ban fito ba. Ba zan iya ce masa ni ce ba na so ya tafi ba. Babu wanda zan iya faɗa wa.

Kullum in zan yi masa wanka sai in ɗaga hannunsa bisa ka, kamar zan cuɗa hammata. Saura yatsa ɗaya da rabi. Da can tsoro nake kada ya kamo. Yanzu ji nake kamar in ja hannun ya ƙara tsawo.

Ana saura kwana goma, shi da kansa ya ce, "Yaya, ga akuya a nan ma." Shafin turke ne, wanda ke cewa yaro ya ɗaure akuya a turke. Ya buɗe baya ya nuna min, ya dawo ya nuna min. Tsibin iri ɗaya ne. Ni ban taɓa lura ba. Na ce, "Na gani. Ci gaba."

Ubansa ya dawo ran Juma'a, ya rame, ya yi baƙi, bai tambayi littafi ba. Asabar ya tafi Kawo ya taro Inna a inda motocin Zariya ke sauke mutane. Ta shigo da ƙullin daddawa da gero, ta zauna ta jawo yaron.

"Mijina, haka suka bar ka? Wuya kamar mariƙin lema. Taho gida ka sha nono."

"Akwai jakin har yanzu?"

"Yana nan yana jiran ango."

Ina daga madafa ina ji. Na dama fura.

Lahadi bayan azahar maigida ya yi gyaran murya ya ce, "Inna, yaron fa ya fara karatu." Ta ce, "To, ya karanta in ji." Na san abin da ke ransa, shafi huɗu ya bari, yana fatan su isa. Ina tsaye a bayan asabari, ina gani ta tsakanin karan.

Yaro ya yi huɗun. Ya buɗe na biyar da kansa. Ya yi na shida. Ubansa ya gyara zama. Tsinke na sauka daidai, ni kuma bakina na motsi tare da shi. Ana cikin na tara jirgin sama ya taso ta wajen Mando. Yaro ya ɗaga kai yana bin jirgi da ido, baki kuwa bai tsaya ba, ya kai ƙarshen layi yana kallon sama. Na ga ubansa ya gani.

Sai aka zo shafin da babu hoto. Yaro ya tsaya yana cizon leɓe.

"Ci gaba mana," in ji ubansa.

"Yaya ta ce wannan sai ka dawo. Ita ma ba ta riƙe shi ba."

Har Basakkwaciya da ke daka ta tsayar da taɓarya. Yaro ya ga kamar ya yi laifi, sai ya yi sauri ya ɗora tsinke. "Amma ga akuya nan. Ga ta nan kuma. Wannan rijiya ce." Ubansa ya sunkuya ya duba, ya daɗe, ya ce, "Haka ne."

Inna ta ce, "Ke, fito."

Na fito na durƙusa.

"Ke kika zauna da shi?"

"Ni ce."

"Kullum?"

"Kullum."

"Ido cikin ido, da ɗan fari." Ta ɗora hannu a kansa. "Yaron nan nawa ne ko ba nawa ba?"

"Naki ne, Inna."

"To in tafi da shi jibi?"

Amsar a shirye take, kowace mace ta san ta: ai ko yau. Na buɗe baki in faɗa, ta ƙi fita. Abin da ya fito shi ne, "Saura shafi ɗaya bai yi ba."

Ta kalle ni tun daga ɗankwali har yatsun ƙafa. Ta kalli ɗanta, shi kuwa ya sami abin dubawa a cikin littafi. Sannan ta juya ga yaron ta ce, "Mijina, an yi min ƙwace da rana tsaka." Ya yi dariya, shi a ganinsa wasa ne.

Kwana huɗu ta yi, ban da amsa gaisuwa ba abin da ya haɗa mu. Furata ma sai dai ta ce ta ƙoshi. Ta tafi ba tare da shi ba. Ta kuma ba da labari a gida yadda ta ga dama. Shekara da shekaru, duk bikin sunan da na je, sai wata ta ce, "Malama, ina ɗalibin naki?" a bushe da dariya. Uwata ta aiko min da faɗa, wai na zubar mata da mutunci. Inna ba ta sake sakin jiki da ni ba har ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ba na ce ta yi laifi ba. Haƙƙinta ta zo karɓa.

Ranar da ya dawo daga raka ta mota, maigida ya tsaya a ƙofar madafa ya ce, "Kin san wannan hadda ce, ba karatu ba."

Na ce, "Na sani."

Ya koma da yaron shafin farko, baƙi ɗaya-ɗaya. Ya ce in ina so in matso kusa in koya. Na ce wanda na yi ma ya ishe ni abin faɗa. Da aka sake buɗe ɗaukar yara, hannu ya kamo kunne, da ɗan karkata kai.

Ni sai da na haura sittin, maigida ya rasu, na shiga ajin manya da tabarau a hanci. Da na fara haɗa baƙi, abin da na fara nema shi ne littafin nan. Na tarar gara ta cinye shi a ƙasan akwati. Na tambayi yaron nan, wanda yanzu ya yi furfura, ko ya tuna abin da ke shafin da babu hoto. Ya ce shi dai ya tuna rankwashi. Akwai akuya a ciki sau biyu, da rijiya. Iyakar abin da na sani ke nan.