Malam Uwaisu, Mai Zayyanar Katin Nasara

Duk wanda ya bi ta Garu, nan cikin Dutse, da hantsi, zai tarar da Malam Uwaisu a zaure bisa buzunsa, ya jera kurtun tawada a gaba: baƙa, ja ta karan dafi, rawaya ta gangamau. Sai ya fiƙe alƙalami, ya gwada a farce, sannan ya jawo allo. Sana'arsa zayyana, adon nan da ake yi wa allon wanda ya sauke Alƙur'ani. Rumfata ta ɗinki tana kallon zaurensa, saboda haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gani. A bana idonsa ya raunana, ya ce zai ajiye alƙalami. Na ce wallahi ba za a ajiye shi shiru ba, sai na yi magana.

A tambayi mutanen Jahun da Taura. Allo nawa suka ɗauko a ka, suka wuce masu zayyanar garuruwansu, suka kawo masa? Bai taɓa mayar da maraya ba, kuma allon ɗan talaka da na ɗan alƙali hannu ɗaya yake yi musu. Amma ba wannan ya sa nake ji da shi ba.

Wata kaka, ba a daɗe da isowar jirgin ƙasa Kano ba, Baturen rangadi ya sauka a bariki tare da matarsa. Ta ga wani allon Malam ana zagayawa da shi gidajen dangi, sai ta turo kukunta, Bubayero, da fararen takardu masu kauri. Ya ce a ƙasarsu, in bikin haihuwar Annabi Isa ya zo, wanda suke kira Kirsimeti, takarda suke ninkewa a yi mata ado a aika wa ƴan uwa. Kati ake ce mata. Irin adon allon nan take so.

Gari ya ɗauka, wai Malam zai yi wa Nasara aikin biki. Ya ce, "Mace ce za ta gai da uwarta daga nesa. Ina laifin gaisuwa?"

Ya yi guda na gwaji aka kai, ta yaba, ya ƙarasa sauran. A saman kowane kati kuwa ya rubuta Bismilla, domin hannun da ya girma a tsangaya bai san yadda ake fara takarda ba tare da ita ba.

Bayan an kai su, Bubayero ya zo yana cin goro a rumfata. Malam ya tambaye shi, "A can, a gafaka suke adana su ko a akwati?"

Bubayero ya kwashe da dariya. "Adana me, Malam? Ai waɗanda ake aiko musu nan, ni nake share su in biki ya wuce. Wasu in hura wuta da su, wasu a ƙasa, a bi ta kai da takalmi."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Malam ya ce, "Inna lillahi! Sunan Allah na sa a kai."

Washegari da hantsi masinja zai tashi da jakar wasiƙu zuwa Kano, in kuwa katin bai bi wannan jaka ba, ba zai isa kafin bikin ba. Malam ya miƙe zai nufi bariki, wurin da hakimi ma sai ya tuɓe takalmi tun daga nesa. Na riƙe masa hannun riga. Na ce, "Haba Malam, ba da sani ka yi ba. Ɗaure ka za su yi!"

Ya ce, "Ɗazu ban sani ba. Yanzu na sani."

Bubayero, wanda ya yi masa tafinta, shi ya ba mu labarin abin da ya faru. Bature ya fusata, ya ce an riga an rufe ambulan, a fitar masa da tsohon nan. Malam ya durƙusa bai motsa ba. Ya ce, "Zaki, a ɗaure ni in an ga dama, amma a ba ni su zuwa hantsin gobe. Sunan Ubangijina ne, kuma ni na rubuta." Matar ta nemi a fassara mata. Da ta ji, ta shiga ta kwaso su da kanta. Sai dai na gwajin nan ya riga ya bi jakar da ta gabata, yana hanyar zuwa wurin uwarta.

A gida shi da mai ɗakinsa, Inna Gaji, suka jiƙa auduga suna wanke Bismillar a hankali, ruwan yana ɗiga cikin ƙwarya, suka shanye shi kamar yadda ake yi da rubutu. Takardu suka bushe da tabo, mummuna kuwa. Inna Gaji ta ce, "Malam, wannan tabon, tawada ba ta ɓoye shi, sai an rufe." Ta ɗauko rinanniyar kabar da take saƙa faifai, ta aika gidan dukawa aka samo yankakkun jar fata, ta tsinto gashin zabo, aka jiƙa ƙaro. Ita tana yanka, shi yana liƙawa, yana zagaye kowane liƙi da zanen zayyana. Kafin masinja ya ɗaura jaka, kati sun koma bariki, sun ma fi na farko kyau nesa ba kusa ba. Tun daga nan, duk kaka sai Turawa da akawunan Kudu sun aiko daga Kano, ya yi musu da fata da kaba da gashin tsuntsu. Harafi ɗaya bai sake sa wa kati ba.

Amma gudan da ya tsere ya hana shi sakat. Ya rame, ya daina wasan da muka saba. Na yi ta tsokanarsa cewa ko zai bi shi a ƙafa har teku, bai ko murmusa ba. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Da kaka ta zagayo, masinja ya tsaya a ƙofar zaure da wani ɗan ƙunshi. Ashe matar ta rubuta wa uwarta dalilin, tsohuwar kuma ta naɗe katin cikin farin ƙyalle ta mayar da shi. Malam ya warware. Bismilla tana nan cas, ko ƙwarzane babu. Ya ɗora a goshi, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Allah ya saka mata. Ba ta san abin da ke ciki ba, amma ta riƙe amana." Ni da ba na kuka, ranar na yi.

Kai ne, Malam, ka yi wa baƙo aikinsa har ya gamsu, ba ka kuma sayar da naka ba. Kai ne ka durƙusa a gaban Bature, amma ba don tsoronsa ba. Ingarman masu zayyana, mun gode. Allah ya saka maka kai da Inna Gaji, ya haskaka maka abin da ya rage.

Ku kuma masu sana'a, maɗinka ƴan uwana da maƙera da magina, ku yi koyi da shi. In kun gane kuskure bayan aiki ya bar hannunku, kada ku ce ai ya riga ya tafi. Ku tashi ku bi shi, ko da ƙofar bariki ce.