Takalmana a Ƙofar Coci

Ko tsufa zai kwashe komai daga kaina, ranar da na bar takalmana a ƙofar coci ba za ta tafi ba.

Wata Kirista 'yar ƙabilar Fante ta yi haya a gidanmu na unguwar Nima. Ta haifi ɗa namiji, ciwo ya kwantar da ita, nono ya ƙafe. Ina goyon 'yata lokacin, sai na haɗa su na shayar. A gindin tukunyar kokona yaron ya girma, Hausa a bakinsa tamkar ɗan malam. Ya zama fada a cocin Angilikan, aka tura shi ƙasar waje, yana can har suka naɗa shi bishop.

Da ya zo gida addu'ar godiya, ya aiko mini mota. Maƙwabciyata mai sayar da wake ta ce, "Hajiya, mai yi wa Turawa wa'azi zai nuna mai koko a gaban mutane? Bencin baya za su ba ki." Na ce ta ji da wakenta, amma wallahi maganar ta zauna mini a ciki.

Ni dai na san ba a shiga ɗakin ibada da takalmi. Na cire, na jera su a bakin ƙofa. Wata mai zaunar da baƙi ta tare ni, wai in koma in saka. Mata suna rufe baki da mafici, suna dariya. Na kasa gaba, na kasa baya.

Sai ga jerin limamansu, shi a ƙarshe da doguwar hula da sanda. Ya dubi takalman, ya dube ni. Na ce a raina, yau zai wuce kamar bai san ni ba.

Ya miƙa sandar ga na kusa, ya cire nasa takalman, ya ajiye kusa da nawa, ya durƙusa.

"Mma, ina kwana?"

"Tashi, kar ka ɓata wa mutane riga!"

"Yaushe kika fara yarda a gaishe ki a tsaye?"

Da safa kawai a ƙafarsa ya ja hannuna har bencin gaba, ya ce wa jama'a, "Nonon wannan na sha."

Ban karanta ko harafi ba, amma ranar na gane: ladabin da ka koya wa yaro a ƙofar ɗakinka, duk tsawon hular da duniya ta sa masa, da shi zai dawo maka.