Zaman Makokin da Na Yi Ni Kaɗai a Jamus

Shekarun baya, ina aji uku a jami'a a nan Wudil, aka zaɓe ni cikin ɗaliban da za su je Jamus su yi zango ɗaya na karatu. Ni mutum ne mai nauyin baki. A can ko burodi zan saya sai na tsara maganar tun daga ɗaki, in isa kanti in manta rabinta.

Makarantar ta haɗa ni da wani ɗalibi ɗan ƙasar don ya riƙa koya mini Jamusanci, shi ne ya zama abokina. Kullum da yamma muna laburare, yana gyara mini furuci, ina koya masa gaisuwarmu. Yakan ce kafin Bahaushe ya gama gaisawa jirgin ƙasa ya tashi ya bar shi. Shi ya raka ni sayen rigar sanyi, shi ya kai ni asibiti da mura ta kwantar da ni. Na ɗauka na yi ɗan'uwa.

Wata safiya yayana ya kira ni ya ce kakata, wadda ta raine ni a Utai, ta rasu, har an kai ta. Na tura wa abokina saƙo na sanar da shi, sannan na yi abin da na tashi na ga ana yi. Na share ɗaki, na shimfiɗa bargo a ƙasa tunda babu tabarma, na sayo dabino da ruwa, na bar ƙofa a buɗe. Har yadda ake amsa ta'aziyya da Jamusanci na nemo na haddace, kada in ji kunya a gaban baƙi.

Amsarsa ta zo ta waya. Ya ce abin ya taɓa shi ƙwarai, zai bar ni in samu natsuwa ni kaɗai, kuma ya roƙi 'yan ajinmu kada kowa ya dame ni. Na karanta na sake karantawa, ina fatan Jamusancina ne ya gaza. Daidai na fahimta.

A kan bargon nan na yi kwana ukun. Masu wucewa sai su sassauta tafiya su kau da kai, wata ma ta jawo mini ƙofar a hankali ta rufe. Idan na kira gida ina jiyo mutane a bayan muryar yayana, ana ta Allah ya jiƙanta. Ya tambaye ni ko akwai jama'a a wurina, na ce masa akwai.

Ranar da na koma aji abokina ya dafa kafaɗata, ya ce ya so ya zo, daurewa ya yi. "Na san ka fi son zama kai kaɗai," in ji shi. Na yi masa godiya. Mun ci gaba da haɗuwa a laburare har zangon ya ƙare, amma darasi kawai nake ɗauka in tashi.

Na san ba mugunta ya yi mini ba, a wurinsu hakan shi ne mutunci. Na sha gaya wa kaina haka, bai rage mini komai ba. Har yau yana turo mini gaisuwa lokaci-lokaci, bai san akwai wani abu a tsakaninmu ba, ni kuma ban taɓa faɗa masa ba. Jamusancin da zan faɗa da shi ina da shi. Abin da ban iya ba shi ne in roƙi mutum ya zo mini gaisuwar mutuwa.