Tsamiyar da Bai Zana Ba

Matso kusa ka ji, don wannan maganar ban taɓa yin ta da ƙarfi ba. Ko 'ya'yana gutsattsarinta kawai suka sani.

Mijina mai kula da lambu ne a wani gida a Nassarawa GRA, a shekarun nan da kuɗin mai suka shigo gari, kowa ka taɓa sai ya ce maka shi ɗan kwangila ne. Muna zaune a baskwata, wato sashen ma'aikata a bayan gidan, ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida. Bayan ɗakin akwai wata tsamiya da ta girmi gidan kansa. A gindinta nake daka, nake wanki, nake yi wa yara kitso. Ni ba mai fita ba ce. Sai in yi wata uku ban leƙa titi ba, kuma bai dame ni ba, tun da kunnena yana kawo mini unguwar har ɗaka. Direban gidan da mai gadi suna da wani benci a jikin bangona, ba su san komai suka faɗa a kunnena yake sauka ba.

Malam, haka nake kiran mijina, yana da wata jaraba, zane. Ba wanda ya koya masa. Guntayen silin da magina suka zubar yake tsintowa su zama allunansa, ya haɗa ragowar fenti da shunin wankina da jar ƙasa da gawayi, ya dama da ƙaro. Buroshinsa asuwaki ne da ya tauna bakinsa ya yi laushi. Bishiyoyi kaɗai yake zanawa. Tun yana yaro wani malami a ƙauyensu ya ce masa zana mai rai babu kyau, shi ya sa bai taɓa zana tsuntsu ba, alhali babu abin da yake so a duniya kamar tsuntsaye. Kullum sai ya zuba musu ruwa a kasko. Idan ya zo wurin da tsuntsu ya kamata ya zauna, sai ya zana sheƙa ya bar ta fayau. Da zanen nan nasa na san bishiyoyin unguwarmu, ni da ban taɓa ganin yawancinsu da idona ba.

To a lokacin gidaje suna ta canza hannu. Duk wanda ya saya, bene yake so da garejin motoci, kuma bishiya ita ce farkon abin da ke tare masa hanya. Sai in ji direba yana cewa an sayar da gidan da ke kan kwana, za a sare maɗacin nan. Idan na kawo wa Malam tuwo in ba shi labari, don ni magana ba ta zama a cikina. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya ɗauki allonsa ya tafi ya zauna gaban maɗacin. Bayan mako ɗaya ko biyu, sai injin zarto ya iso. Ƙarar injin nan ba ta kama da komai. Tana farawa kamar tari, sannan ta zama kuka mai tsawo, sai a ji shiru, sai ƙasa ta girgiza har kwanukana su yi motsi. Kuma na lura kowane wata ƙarar tana ƙara matsowa kusa da mu.

Mai gadi ne ya fara, da wasa. Ya ga Malam zai fita da allo, ya ce, "Malam, don girman Allah kada ka zana ni, ina da iyali."

Malam ya ce ai shi ba ya zana mai rai.

"To ai su ma da ransu kake samunsu."

Aka yi dariya, amma maganar ba ta mutu a nan ba. Ma'aikatan gidaje suka kai ta Tudun Wada da Gama, ta dawo da ƙafafu. Wai duk bishiyar da mutumin nan ya zana ba ta ƙara ganin damina. Wai a dubi sheƙunan da yake zanawa, babu tsuntsu ko ɗaya, ai ya riga ya kore su. Ana cikin haka wani mangwaro da ya zana ya bushe da kansa, ba wanda ya taɓa shi. Malam ya ce gara ce ta ci saiwarsa, ya ga alama shi ya sa ya yi sauri. Ba wanda ya saurare shi. Ni kaina da na san ta bakina labarin yake zuwa masa, akwai ranar da na juya allunan suka fuskanci bango.

Wata rana Hajiya, matar mai gidan, ta aiko a kira ni. Mace ce mai kirki, ta sha ba ni zani. Ta sa aka kawo mini lemo, sannan ta ce ita ba ta yarda da camfi ba, amma tana son gwaibarta. Ta ce in gaya wa mijina, ranar da ya zana ko ganye ɗaya na gidan nan, ranar za mu kwashe kayanmu. Yarana huɗu a lokacin, ga na biyar a ciki. Da na faɗa masa sai ya yi murmushi, ya ce ta kwantar da hankalinta, bishiyoyin gidan nan ba sa gaggawa. Tsamiyarmu ma, in ji shi, sai ya tsufa hannunsa ya nuna zai zana ta.

Wata Litinin ina tankaɗe na ji direba yana gaya wa mai gadi cewa Alhaji mai gidan ya yi odar motoci biyu, kuma inda tsamiya take nan ne za a yi gareji. Masu inji za su zo Asabar.

Na ajiye rariyar. Na san mijina. Idan ya ji, ko gaban Hajiya ne zai zauna ya dama fentinsa, kuma kafin magariba muna kan titi. Da na kawo abinci ya ce, yau babu labari? Na ce babu. Talata wani mutum ya zo da igiyar awo lokacin da Malam yake ban ruwa a gaban gida, ya kafa turke a gindin tsamiyar. Yana fita na mirgino turmina na kife a kai. Kwana huɗu Malam yana wucewa ta gefen turmin nan yana zuba wa tsuntsaye ruwa. Har ya ce mini bana tsamiyar ta yi fure sosai, za mu sha kunu.

Asabar da sassafe Hajiya ta aike shi can bayan gari sayo taki. Bai daɗe da fita ba masu injin suka iso. Na tara yara a ɗaka na rufe ƙofa. Duk ƙarar da na saba ji daga nesa, ranar a cikin haƙorana na ji ta. Kafin azahar tsamiyar ta faɗi. Da na buɗe ƙofa, rana ta cika tsakar gidan kamar ba namu ba.

Ya dawo da buhu a bayan keke. Ya jingine keken. Ya sunkuya ya tsinci wata sheƙa a cikin rassan, ya juya ta a hannunsa, sannan ya dubi turmin da aka ture gefe, ya dubi turken.

"Kin ji?"

"Na ji, Malam."

"Tun yaushe?"

"Tun Litinin."

Bai yi faɗa ba, da ma ba halinsa ba ne. Cewa kawai ya yi, "Wuni ɗaya ya ishe ni."

Mun ci gaba da zama a ɗakin nan har yara suka girma. Sau ɗaya ya gwada zana tsamiyar da ka, ya yi kwana uku a kai, ya shafe da farar ƙasa. Shi sai abu yana gabansa yake iyawa. Daga nan bai ƙara tambayata labari ba, asuwakansa suka bushe a gwangwani.

Allah Ya yi masa rasuwa, allunan suna nan ƙarƙashin gadona. Maɗacin wani, rimin wani, mangwaron wani. Tamu ce kaɗai babu, kuma yanzu ko gefen da babban reshenta ya karkata na kasa tunawa. Kai da ka ji ni, da kai ne a gindin turmin nan da yara huɗu da ciki, za ka gaya masa ranar Litinin ɗin?