Fitilar da ba ta kamawa sai ranar Juma'a

Shekarun baya, lokacin da na sayi motata ta farko, wata 'yar tokumbo ruwan toka, na ɗauka wahalar zirga-zirgar gidanmu ta zo ƙarshe. Muna zaune a unguwar Galtimari a Maiduguri, ni da iyalina da mahaifiyata, wadda muke kira Hajiya. Yayarta kuma, Inna, tana can Umarari. Ciwon ƙafa ya zaunar da ita, ko ƙofar gida ba ta iya takawa. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, sauran dangi kuwa duk suna Kano. Saboda haka duk ranar Juma'a, da na sauko daga masallaci, sai in ɗauki Hajiya in kai ta, su sha hirarsu har gab da magariba.

Hajiya ba ta zuwa wajen yayarta hannu rabbana. Tun da hantsi take tsayawa a kan tukunya da kanta, burabusko da miyar yakuwa, don ta ce Inna ba ta jin daɗin girkin kowa sai nata. A zuba a wata ƙatuwar kula mai hannu biyu, ita da kanta za ta tsaya a kan but har ta ga kular ta zauna yadda take so, sannan ta shiga baya ta yi bisimilla. Ni kuwa a gaba ina ta hura hanci, wai ni mai mota.

Wata Juma'a, ko kwanar layinmu ban sha ba, sai na ji "tin!" Na duba dashbod, ga wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai hoton ƙwan lantarki ta kama. Na san ma'anarta, wato wani ƙwan fitila ya mutu. Da muka isa Umarari na roƙi wani maƙwabcin Inna ya taka mini birki, na zagaya motar. Fitilun birki suna ci, sigina tana ƙiftawa dama da hagu, ta ribas lafiya, har 'yar ta lamba ma tana nan da ranta. Washegari na tayar da mota, babu fitila, babu dalilinta. Na ce a raina, ai motar Turai ce, zafin Maiduguri ne ya ɗan taɓa mata kai.

Juma'a ta zagayo, "tin!" Ta sake zagayowa, "tin!"

"Wannan abin da ke kuka fa, mene ne?" in ji Hajiya daga baya.

"Ba komai, Hajiya. Cewa take wai wata fitila ta mutu, kuma ƙarya take, na duba."

"Mota ce za ta yi maka ƙarya?"

Na ci gaba da tuƙi. Mahaifinmu a hanyar Damaturu ya rasu, motar da suke ciki ta afka wa wata tirela da ba ta da fitilar baya. Tun daga nan, maganar fitilar mota ba abin wasa ba ce a wajen Hajiya.

Ranar Litinin na kai motar wajen wani mai wayarin a gefen Kasuwar Kwastam. Mutumin kirki ne, ya duba fis, ya bi wayoyi, ya jona 'yar na'urarsa. Ya ce lallai ƙwaƙwalwar motar ta riƙe cewa fitilar baya ta hagu ta taɓa kawo ƙara, amma a yanzu kam lafiyarta ƙalau.

"Oga, ciwon da bai tashi a gaban likita ba, wuyar magani gare shi," in ji shi. "Amma mu canja ƙwayayen baya duka, wani lokaci in ba iri ɗaya ba ne sai ta riƙa wannan rigimar."

Muka shiga wajen wani Inyamuri mai kayan gyara, ya rantse mini da kakanninsa cewa nasa orijina ne, irin wanda aka haifi motar da shi. Aka saka. Na yi kwanaki ina yawo lafiya lau, har ina yi wa matata bayanin yadda ƙwaƙwalwar mota take aiki, kamar ni na ƙera ta. Juma'a na zuwa, "tin!" Ga shi mai wayarin ba ya buɗewa bayan masallaci, ranar Asabar kuwa in na je, motar ta koma salihar baiwar Allah. Har ya fara kallona irin kallon da ake yi wa mai yawan mafarki.

A hanyarmu ta dawowa wata Juma'ar, sai Hajiya ta ce, "Kai, sauran ranaku tana yi maka haka?"

"A'a, Hajiya."

"In ka ɗauki yara zuwa makaranta fa?"

"Ba ta yi."

"Sai in na shiga ke nan."

Na yi dariya, na ce dacewa ce kawai. Ita ba ta yi dariya ba.

Juma'ar da ta biyo baya, na fito da mota na buɗe mata ƙofa, sai ta ce in tsayar mata da keke napep. Na yi magiya, matata ta sa baki, Hajiya ta kafe. Kuma ba ta ba da dalili ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma Hajiya 'yar da ce, mai alkunya ta gaske. Ba ta kiran sunana, ba ta zama ta yi doguwar magana da ni, balle ta buɗe mini abin da ke ranta. In ta ce a'a, to magana ta ƙare. Haka ina ji ina gani ta hau keke da ƙatuwar kula a gabanta, cikin ranar nan ta Maiduguri, ni kuma ina bin su a baya da mota babu kowa a ciki. Duk ramin da keken ya faɗa, sai na ji shi a bayana.

Ta yi haka 'yan makonni, bayanta ya ce bai san zance ba. Tana dawowa sai kwanciya, sai a kwana ana shafa mata man zafi. Daga nan zuwan ya fara tsinkewa, wannan makon a je, na gaba a fasa. Wata rana Inna ta kira ni a waya, muryarta a sanyaye.

"Ɗan nan, ko wani laifin na yi wa uwar taka ne?"

"Haba Inna, wane irin laifi? Bayanta ne ke damunta."

"To ba ga mota Allah ya ba ka ba?"

Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. Tsofaffi biyu da ba su da kowa sai juna, a gari ɗaya, wai 'yar fitilar da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba ta raba su.

Na kai kukana wajen wani abokina, Babarbare, wanda ya daɗe yana harkar motoci. Ya zo har gida, ya gaida Hajiya da "Wushe, wushe, Hajiya," sannan ya ja ni waje yana dariya.

"Kai ma dai da neman wahala. Mu duk motar da ta cika surutu, rufe mata baki muke yi."

Ya zaro wata 'yar sitika mai rubutun Masha Allah, ya manna ta daidai kan inda fitilar take kamawa. Ya ce ƙarar kuma in ƙure rediyo kafin in tayar. Ina tsaye ina sosa ƙeya sai ga Hajiya ta fito za ta shiga maƙwabta. Ta leƙa ta gilashi, ta dubi sitikar, ta dube mu.

"Sunan Allah kuka samu na toshe bakin gaskiya?"

Abokina ya ɓare sitikarsa da hannunsa, ya ce ya tuna ana jiransa a kasuwa. Har yau in na so tsokanarsa, sai in tambaye shi ko yana da sauran sitika.

Sai wata Juma'a da ciwon bayan ya matsa wa Hajiya sosai. Duk da haka ta lallaɓa ta yi girkin, don ta ce in ita ba ta je ba, bai kamata Inna ta rasa abincinta ba. Ta ce in kai. Na ɗauki kular zan sa a but, ta ɗaga murya daga bakin ƙofa.

"A lungun hagu ake sa ta. Ka tura ta sosai ta matsu, kada miya ta zube."

Na tura ta har sai da ta ƙi motsi, na rufe but, na tayar. Ina taka birki a bakin kwana, "tin!"

Na waiwaya na dubi kujerar baya. Babu kowa.

Ban taɓa murna da lalacewar abu irin ta ranar nan ba. Na gangara gefen hanya na kashe mota, na fito da kular na ajiye a ƙasa, na sake tayarwa na taka birki. Shiru. Na mayar da ita lungunta na matse. "Tin!" Masu wucewa suna kallona, mutum da babbar riga ta Juma'a yana ta sa kula yana fitarwa yana washe baki shi kaɗai. Na ɗaga shimfiɗar da ta rufe bangon but ɗin ta hagu, sai ga soket ɗin fitilar baya a daidai wurin. Hannun kular ne yake danne shi ya karkace. Wuta tana wucewa, ƙwan yana ci, amma ba ta wucewa yadda ya kamata, ita kuwa ƙwaƙwalwar motar da ta ji wutar ta ragu sai ta yanke hukuncin ƙwan ya mutu. Da an ɗauke kular, soket ya koma mazauninsa. Mai wayarin zai shekara yana nema bai gani ba, tunda ban taɓa kai masa motar da burabusko a ciki ba.

Na juya gida. Na ce, "Hajiya, don Allah ki fito ki ga wani abu."

Ta fito tana dafa bango. Na sa matata ta zauna a gaba tana taka birki, na nuna wa Hajiya, da kula ga fitila, babu kula babu fitila. Kuma ga ta nan tsaye a waje, ko taɓa motar ba ta yi ba.

"Sake," in ji ta.

Na sake. Ta ce in kuma. Na kuma. Ta daɗe tana kallon kular, sannan ta ce, "To. Ashe abincina ne ba ta so." Ta juya ta ce wa matata, "Miƙo mini mayafina."

Ranar a kujerar baya kular ta zauna, Hajiya ta dafa ta da hannu ɗaya har Umarari. Dashbod bai ce uffan ba.

Da Inna ta gan ta, sai ta fara faɗa tun kafin a gama gaisawa. Ni aka zubo mini nawa, na zauna a tabarma a barandar ɗakin, labule ne kawai tsakaninmu. Ina ji Hajiya tana ba ta labarin kula, Inna tana dariya har da tari. Can dariyar ta lafa.

"Amma ke ma dai," in ji Inna, "a kan fitila kika yashe ni? Yaushe kika zama matsoraciya haka?"

Hajiya ta sassauta murya, ta ɗauka na yi nisa.

"Yaya, ba raina nake ji wa ba. Gani na yi sai na shiga take kamawa. Na ce in wani abu ne yake bibiyata, kada ya zo ya tarar da ni a motar yaron nan. Yana da ƙananan 'ya'ya. Gara ya same ni ni kaɗai a keke."

Lomar da ke hannuna ban san lokacin da na mayar da ita kwano ba. Duk makonnin nan ina cewa a raina rigimar tsufa ce da camfi, har ina jin haushi. Ashe matar nan da ciwon bayanta take shiga rana tana shan ramuka, wai don ta kare ni. Na tashi a hankali na fita waje, na tsaya a jikin mota har idona ya washe.

Washegari mai wayarin ya matse bakin soket ɗin, ya ɗaure shi da kyau, aikin da bai kai a sha shayi ba. Da na ba shi labari ya yi dariya har ya zauna a kan taya. Ya ce daga yau duk wanda ya kawo masa irin wannan, sai ya fara tambayarsa me yake ɗauka a but.

Ni ma abin da nake gaya wa mutane ke nan. In irin fitilar nan ta kama alhali ƙwayayenka duk suna ci, kada ka rufe ta, kada kuma ka yi ta canja ƙwai. Ka duba soket da wayar da ke bayansa, ka kuma tambayi kanka me ya bambanta ranar da take kamawa da ranar da ba ta yi.

Hajiya da Inna sun samu Juma'o'i masu yawa bayan nan, cikin daɗin rai, kafin Allah ya karɓi Inna. Motar ma na daɗe da sayar da ita. Hajiya tana nan tare da mu, tsufa ya ƙaru, faɗa bai ragu ba. Jiya ma sai da ta yi mini tas a gaban yara a kan na bar famfo yana zuba. Na sunkuyar da kai ina ba ta haƙuri, raina fes. Tun ranar nan a barandar Inna faɗanta bai ƙara yi mini zafi ba, kuma har yau ban gaya mata na ji ba.