Yaji a Gidan Dada

Ko sunayen jikokina za su ɓace mini, ba zan manta da yajin da ƙawata ta yi a Garwa ta Kamaru ba, shekarar farin nan ta zamanin Ahijo, da kogin Binuwai ya janye har ana tsallake shi da ƙafa.

'Yar garin Banyo ce, aure ya kawo ta unguwarmu, iyayenta kuma suka rasu bayan tahowarta. Mijinta mahauci ne. Da shanu suka fara mutuwa, kasuwa ta tsaya, sai ya riƙa kwaso fushinsa daga mahauta yana saukewa a kanta. Ni ma nawa auren ba abin fahariya ba ne, amma ina da gidan ubana. In ta yi zafi na ɗauki mayafi na tafi, dole a zo biko. Ita ina za ta?

Da hantsi mukan je yashin kogi mu tona rami. Kafin ruwa ya taru sai ta kishingiɗa, ta lumshe ido, ta kai mu Banyo da labari: gajimare yana sauka kan dutse, ciyawa har ƙugu, nono mai sanyi a ƙwarya. Wallahi har ƙamshin ruwan sama nakan ji, alhali rana tana gasa mu.

Wata rana ta zo da kumburarren leɓe, ba ta kai mu ko'ina ba. Ta yi 'yar dariya ta ce ita ko yaji ba ta da inda za ta yi. Akwai wata tsohuwa Bafulatana a wurin da muke kiranta Dada, mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba. Ta ajiye tulunta ta ce, "Gidana fa, kango ne? Tashi mu tafi, 'yata."

Kwanakin nan kamar a mafarki suka wuce. Kowace ta kawo ɗan abin da ta tsakura, muka yi mata kitso, muka ƙunsa mata lalle, ta yi barcin rana kamar yarinya. Amma ni kullum ina duban hanya. In mijin bai zo biko ba, mun kashe mata aure a shekarar yunwa, kuma Dada kanta da ƙyar take ci.

Sai ga shi ranar Juma'a bayan masallaci, da babbar riga, shi kaɗai. Ya zo da niyyar ya ce ta fito su tafi. Ya tarar da tsakar gida cike da matan unguwa, kowace ta tsare shi da ido, Dada kuma a kan kujera kamar surukar gaske. Ya daɗe a tsaye kafin ya cire takalmi ya durƙusa.

"Dada, ban san tana da mutane ba."

"To, yanzu ka sani."

Ƙawata ta koma ɗakinta. Ba zan ce auren ya zama zuma ba, Banyo ma ba ta sake ganinta ba har ta bar duniya. Amma hannunsa bai ƙara taɓa ta ba, kuma da Dada ta kwanta ciwon ajali, ita ta yi jinyarta.

Tun daga ranar na gane cewa wanda ake gani ba shi da kowa shi ake takawa. In ka ga haka, kada ka tsaya tausayi daga nesa, buɗe ƙofarka ka zama nasa.